Is'haƙa Mi-ke-ciki da Madubin Bindiga

A Tibiri in ka tambayi gidan Is'haƙa, za a ce maka wane Is'haƙa daga ciki. Amma in ka ce Mi-ke-ciki, ko mai tallar fura za ta ɗaga hannu ta nuna maka bakin fadama. Sunan ya manne masa tun yana saurayi, ranar da ya kwance rediyon kawunsa don ya ga inda ake ajiye murya. Daga rediyo ya koma tocila, daga tocila ya koma agogo, kwaɗon ƙofa, famfon feshi, har injin niƙan barkonon matarsa bai tsira ba. Wasu ya mayar da su yadda suke. Sauran kuwa suna nan cikin wata tsohuwar tukunya a ƙarƙashin gado, kuma in ka tambaye shi sai ya ce bai gama da su ba tukuna.

Ubansa, Zakariya, maharbi ne na gaske, tun zamanin da ake samun barewa a dajin Arewa. Mutum ne mai zafi, ba ya faɗin magana sau biyu. Is'haƙa kuwa da hagu aka haife shi, da ita yake miƙa hannu cikin akushi, da ita yake jifa. Zakariya ya ce ba a gidansa ba. Ya ɗaure masa hannun a baya da tsumma lokacin cin tuwo, ya kuma tsare shi da tsumagiya lokacin koyon harbi, yana gaya masa naman da za a kai tukunya ba a harbe shi daga kafaɗar hagu, hagu aikinta daban. Haka yaron ya taso ya zama na dama ƙarfi da yaji, har shi kansa ya manta da zancen.

Kafin ya kawo ƙarfi barewa ta ƙare, daji ya zama gonakin hatsi. Sai ya bi 'yan uwansa cirani, ya tsallaka iyaka ta Kamba, ya yi gadi shekaru a wani gidan sayar da taya. Abin da ya dawo da shi bai wuce akwati ɗaya ba, sai wata bindigar iska da maigidansa ya ba shi sallama, irin wadda ake karyawa a tsakiya a cusa mata ƙwayar darma. Kuma abin mamaki, ita kaɗai ce abin da bai taɓa kwancewa ba. Kaltume, matarsa, takan ce tsoronta yake ji.

Da wannan bindiga ya samu aikin da ya tsufa a ciki: tsaron lambun Hajiya Hamsatu, wata 'yar kasuwa mai sayar da atamfa a cikin gari. Lambu ne babba, rogo a gefe, dankali a gefe, kankana a tsakiya. A ƙarshensa akwai ɗan filin da Hajiya ta bar masa yana dasa albasarsa, ga rumfa, ga kuma gidansa a bayan shinge. Abokan gabarsa ba ɓarayi ba ne, kurege ne. Kuma wallahi duk wanda bai taɓa tsaron lambu ba bai san kurege ba. Zai tono rogo ya ci rabi ya bar rabi, ya huda kankana tun ba ta nuna ba, sannan ya miƙe a kan ƙafafunsa na baya yana kallonka kamar kai ne ka shigo masa gona. A da, da zarar ya miƙe haka, shi ke nan, Kaltume ta samu na miya.

To, bara sai abin ya fara canzawa. Is'haƙa zai ɗaga bindiga, ya rufe idon hagu yadda ya saba, ya daidaita, ya harba, sai ƙura ta tashi can gefe, kurege ya kaɗa wutsiya ya shige rami. Ya ce darmar bana ce ba ta da kyau. Ya sake darma. Ya ce iska ce. Iska ta kwanta. Ya ce to bindiga ta gaji, ai ita ma ta manyanta.

Bana kuwa Hajiya ta zuba kankana mai yawa saboda azumi na tafe. Wata safiya ta zo a bayan babur ɗin kabu-kabu, ta zagaya lambun tana ɗaga 'ya'yan da aka huda, tana ajiyewa, har ta iso rumfa.

"Malam Is'haƙa," ta ce, "ni ba ni son abin da zai ɓata tsakaninmu. Amma dubi nan. In kankanar ga ta kai nuna a haka, dole in kawo wani mai sauran ƙarfi. Ka huta hakanan."

Ya ce, "Na ji, Hajiya." Amma hutun nan da ta ambata ya tsaya masa a wuya, domin ya san ma'anarsa: ba rumfa, ba albasa, ba fitowa da sassafe ana gaishe shi da mai lambu. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba ko a gadin taya.

Maganin ya zo masa ne a tashar mota, a cikin wayar wani direba. Direban na kallon wani Bature yana harbin zomo, a kan bindigarsa kuwa an ɗora wani ɗan bututu baƙi, yana leƙawa ta ciki. Is'haƙa ya matso har gemunsa na taɓa kafaɗar mutumin.

"Wanga abu fa, mi ke ciki?"

Direban ya ce madubi ne, masu lakkwal, wato 'yan boko, na ce masa lunet, yana jawo abin da ke nesa ya kawo maka shi gaban hanci. Ya ce akwai wani yaro a Dogon Dutsi, Nasiruddeen, mai kantin tocila da batir da kayan sola, yana kawo irinsu daga ƙetare. Is'haƙa bai ko tsaya jin ƙarshen bayanin ba. Ya koma gida ya kama ɗan akuyar da yake kiwo, ya kai kasuwa.

Sai dai akwai matsala. Yadda hanya take yanzu, ga shingen jandarma nan da can, wa zai rataya bindiga ya shiga mota, ko da ta iska ce? Sai ya yi dabararsa. A bayan bindigar akwai wani ɗan siririn kwari inda madubin zai kama. Ya samo karan hatsi, ya fere shi da wuƙa har ya zauna daidai cikin kwarin, ya yanke wani kuma daidai tsawon wurin. Ya sa su a aljihu ya tafi Dutsi da kara biyu a matsayin bindiga.

Nasiruddeen saurayi ne mai ɗan gemu, wandonsa a saman idon sawu, ba ya rantsuwa a kan kaya kuma ba ya son a ja shi da ciniki. Ya dubi karan, ya dubi tsohon, ya danne dariya, sannan ya fito da madubai uku ya jera a kan tebur. Ya ce wannan siririn shi ne mai sauƙi, yana jawo abu kusa sau huɗu. Na tsakiyan ya fi shi kauri, bakinsa ya fi faɗi, haske ya fi shiga. Babban kuwa ana murɗa shi ya ƙara ko ya rage, amma kuɗinsa sai a sayi tinkiya da 'yarta.

"Baba, bindigarka mai karyawa ce?"

"Ita ce."

"To irinsu suna da girgiza. Ka dubi mai maƙalli mai ƙarfi, in ba haka ba kana harbi yana zamewa. Girma ba shi ne ba."

Is'haƙa ya ji daɗin yaron. Ya gwada karansa a ƙafar kowanne, ya ƙwanƙwasa su da farce, ya girgiza su a kunne. Da ya leƙa ya ga zare biyu sun gitta juna a tsakiya, sai ya ajiye ya fara tambaya. Wa ya sa zaren? Ta ina aka shigar da shi? Gashin doki ne ko waya? Nasiruddeen ya ce shi dai sayarwa yake, bai taɓa buɗewa ba. Is'haƙa ya dube shi da tausayi, a ransa yana cewa mutum ya zauna da abu wata da watanni bai san cikinsa ba. A cikin kantin akwai duhu-duhu, don haka da ya ga abin dishi-dishi bai damu ba. Ya ɗauki siririn, ya bar sauran kuɗin akuya a aljihu.

Washegari da hantsi ya ɗaura shi, ya zauna a rumfa, ya kanga idon dama. Kai! Kamar an hura wutar ɗanyen kara a cikin bututun. Ga dai kore-kore, ga wani abu na motsi, amma ko kurege ne ko ganye ne, Allah kaɗai ya sani. Ya goge gaba da bakin riga, ya goge baya, ya huro masa numfashi ya sake gogewa. Hayaƙin na nan daram.

Wani mutum da sai ya mayar wa mai kanti. Amma wannan Mi-ke-ciki ne. Ya ce tunda hayaƙin ba a waje yake ba, to a ciki yake, kuma abin da ke ciki ai fito da shi ake yi. Ya shimfiɗa buhu, ya ɗauko wuƙa da ƙaramin ƙarfen kwance noti. Kafin azahar madubi ya zama gilasai ƙanana, zobba, da wani ɗan murɗaɗɗen ƙarfe da ya yi tsalle ya faɗa cikin rogo, har yau ba a gan shi ba. Zaren kuwa waya ce, siririya fiye da gashi, ta tsinke a yatsarsa. Ya ɗaga kowane gilashi sama, ya duba da idanu biyu, garau suke. Wannan ya ɗaure masa kai ƙwarai, har ya kusa mantawa da asarar da ya yi.

Kaltume ta kawo masa abinci, ta ga buhun, ta ajiye kwano.

"Malam, akuyarmu ce wagga a warwatse?"

"Rabinta ce," ya ce.

Ta koma gida ta jawo tukunyar ƙarƙashin gado ta ajiye masa a bakin ƙofa.

Kankana kuwa ba ta jira kowa ba, ta fara nauyi, kurege na ta biki. Ranar kasuwa ta zagayo, Is'haƙa ya haɗa abin da ya rage da kuɗin albasar da ya cire tun ba ta gama ƙosawa ba, ya koma Dutsi. Bai ɓoye komai ba, ya zazzage gilasan a kan tebur ya ce ga madubi, hayaƙi gare shi, ya nema bai samu ba. Nasiruddeen ya yi salati. Ya ce wannan kam ba mai karɓarsa, ko wanda ya ƙera shi.

Wannan karon Is'haƙa ya ce a fita waje, cikin rana. Suka tsaya a ƙofar kanti da na tsakiyan, mai faɗin baki. Nasiruddeen ya leƙa ya ce yana ganin duwatsun da ke kan tudun bayan gari ɗaya-ɗaya, har da wata akuya a gefe. Is'haƙa ya karɓa ya kanga a idon dama.

"Ɗana, wanga ma da hayaƙi. Ya dai fi wancan haske."

Saurayin ya karɓa ya sake dubawa. Sannan ya daina duban madubi, ya dubi fuskar tsohon, ya daɗe yana dubanta. Ya buɗe baki, ya rufe. Dattijo ne sa'an ubansa, ga mutane na wucewa.

"Baba," ya ce a hankali, "kayan ga lafiya lau yake. Ka tahi da shi. In ka isa gida ka ba wani ya duba maka. In shi ma ya ga hayaƙi, ka maido, ni zan karɓa. Amma don Allah kada ka buɗe."

Is'haƙa ya shiga mota yana ta juya maganar. Yaron bai yi kama da macuci ba. To ko hayaƙin yana jin tsoron mai kanti ne, sai an bar wurin yake fitowa? Ko zafin hannu ne ke tayar da shi? Har suka wuce gonaki da rugagen Fulani yana lissafin dalilai, kowanne ya fi na baya kyau, babu kuma na gaskiya a ciki.

Da la'asar ya tarar da Kaltume a rumfar lambu tana tsinke zogale. Ya miƙa mata madubin, ya ce mai kanti ya ce a ba wani ya duba. Ta goge hannu a zane, ta karɓa kamar ƙwai, ta rufe ido ɗaya da tafin hannu don ba ta iya ƙyafta shi ba.

"La ilaha illallahu! Malam, ga giginyar bakin rijiya nan ta taho! Ga tsuntsu bisa. Kai, har bakinshi nike gani, yana hamma!" Ta juya. "Ga ɗan banzan can, ga shi tsaye cikin kankanar Hajiya, hannunshi biyu a baki!"

"Hayaƙin fa?"

Ta sauke madubin a hankali.

"Ba ni shi nan," ya ce, ransa ya fara ɓaci.

Tana zaune ne a hagunsa, don haka da hagu ya fizga, kuma cikin hanzari a idon hagu ya kanga. Sai ga kurege a gabansa, kamar ya miƙa hannu ya kama. Ga gashin baki, ga farin layin da ke gefen cikinsa, ga jan kankana a haƙoransa. Shekara nawa yana harbin dabbar nan, bai taɓa sanin tana da 'yan yatsu irin na jariri ba. Ya daɗe yana kallo, bakinsa a buɗe.

Daga nan ya ajiye madubin a cinya. Ya sa tafin hannu ya rufe idon dama: ga lambu, ga shinge, ga giginya. Ya sauya ya rufe na hagu. Lambun ya narke ya zama fari-fari, kamar ana kallonsa ta cikin ruwan tsarin gero. Ya sake gwadawa, ya kuma sakewa, yadda yake yi wa tocila in ta ƙi kamawa. Ashe tun bara idon hagu ne ke ɗauke da shi ko'ina, shi kuma duk lokacin harbi sai ya rufe shi, ya bar makahon yana aiki.

"Yanar ido ce," Kaltume ta ce, ba ta dube shi ba. "Irin ta Inna. An ce likitan ido na cire ta."

"Kankana ba ta jiran likita."

"To ka harba da wanda ke gani."

Ya dube ta kamar ta zage shi. Idon hagu ai sai kafaɗar hagu. Ya ji tsumman nan a wuyan hannunsa, ya ji muryar Zakariya, mutumin da ya yi shekaru a ƙasa amma har yanzu in Is'haƙa ya miƙa hagu ya karɓi abu sai gabansa ya faɗi. Ya tashi ya bar mata rumfar, ya tafi duba rijiya, alhali rijiya ba abin da ya same ta.

Kwana biyu yana fama da dabaru. Ya ɗora bindiga a dama ya miƙa wuya don idon hagu ya kai ga madubi, wuyan ya ƙage. Ya yi tunanin lanƙwasa ƙafar madubin, ya tuna gargaɗin mai kanti da tukunyar da ke jiransa. Ana cikin haka kabu-kabun Hajiya ya wuce ta bakin shinge a hankali, da wani ƙato a baya yana leƙen lambun. Ba su tsaya ba, kuma ba sai an yi masa bayani ba.

Da gari ya waye ya kafa tsohuwar ƙwarya a kan kututture. Ya tsaya ya yi wa ubansa addu'a, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, idon da ka koya wa aiki ya gaji." Sannan ya yi bisimilla ya ɗora bindiga a hagu.

Abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda ta zauna. Ya zaci zai yi ta kokawa da ita, sai ya ji kafaɗar ta karɓe ta, yatsar ta sami kunamar bindigar ba tare da lalube ba. Harbin farko ya tafi sama. Ya murɗa ɗan maɓallin da ke kan madubin yadda Nasiruddeen ya nuna masa, ya sake. Ya tafi gefe, ya murɗa ɗayan. Yana harbi yana murɗawa yana magana shi kaɗai, har ƙwaryar ta yi tsalle ta kife. Kafin rana ta take, kurege na farko ya miƙe a kan ƙafafunsa yana kallon mai lambu yadda ya saba, bai san an yi canji ba.

Hajiya ta zo bayan 'yan kwanaki, ita kaɗai. Ta zagaya, ta ƙwanƙwasa kankana, ta ga wutsiyoyi a rataye jikin rumfa. Ta ce, "Malam Is'haƙa, albasar taka fa? Ka sake dasawa mana, fili na zaune banza." Ta hau kabu-kabu ta tafi, zancen hutu bai sake tashi ba.

Ranar da yamma ya zauna a tabarma a tsakar gida, Kaltume ta kawo tuwo da miyar naman da aka harbo daga hagu. Ya ɗan yi jim kafin ya sa hannu, sannan ya ci, miya dai miya ce. Ya miƙa hannu zai sha ruwa, sai ya tsaya. Moɗar na hagunsa. Akushin ma ya ɗan karkata hagu. Buta, takalmi, carbinsa da ta tsinto, duk a hagu. Ya ɗaga kai, ita ma a can take zaune. Ya tuna ko hanyar biki suka kama a wannan gefen take tafiya, shi kuwa ya ɗauka sabon salo ne na tsufa.

"Kaltume."

"Na'am."

"Tun yaushe?"

Ta ci gaba da tsince tsakuwa daga wake.

"Tun damanar da ka ture fura ka ce kaza ce."

"Ba kaza ba ce?"

"Kaza na cikin akurki, Malam."

"Mi ya hana ki faɗi?"

"Kai da ke buɗe komi da kanka? Na ce bari ka iso wurin."

Ya so ya yi dariya, sai ya fasa. Damana biyu matar nan tana kwashe duniya tana mayar masa da ita gefen da yake gani, ba ta taɓa bari ya ji kunya ba. Ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana juya moɗar a hannu.

"Bayan salla," ya ce da ƙyar, "ki raka ni Dutsi wurin likitan nan. Ina son a buɗe a gaya mini mi ke ciki."

"To," ta ce. Ta jawo faifan wake, ta ƙara matsowa ta hagunsa.